Turke a Gonata ta Kan Tudu

Daren Laraba, Dogarawa, farkon damina.

Yau masu fasa dutsen siminti sun hau tudunmu, har sun kafa jan turke a gonata. Babbansu ya ce, "Baba, nan fa dutse ne zalla, ba ya fidda komi. Ka bar mana."

Na kai shi ya ga tassa, wato ramukan da na haƙa da rani na zuba taki, gero ya tsiro a cikinsu kore shar. Na nuna masa rijiyar gindin tudu, na ce masa: "Farin dutsen nan ne ke shan ruwan sama ya ajiye mana har bazara. In kun fasa shi, siminti za mu sha?"

Ya juya ya tafi, ya bar turken a kafe.

Kafaɗata na ciwo, amma gobe da asuba zan ƙara ramuka. Daga gindin turkensa zan fara.