Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Baba

Daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Yau aka yi wa Baba aiki a ƙafa. Likita ya ɗaure jijiyar jinin da ta fashe, ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi. Amma ni ko tuwo na kasa ci.

Tun da damina likitan ya ga jijiyoyin sun kumbura, ya ce sai aiki. Ni na hana, na ce ƙafar da aka yanka ba ta komawa gona. Ni na kawo wanzami har gida a Ibeto, wai ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Aska na taɓa jijiyar, jini ya ɓalle, har muka iso Kontagora a motar kaya bai tsaya ba. Ni ɗin da nake koya wa yara kiwon lafiya!

Likitan Bature ne, ni nake yi masa tafinta. Da Baba ya farfaɗo, ya tambaya wa ya sa aka yi tsaga a wurin. Da bakina na mayar da tambayar Hausa. Baba bai ko dube ni ba, ya ce, "Gaya masa ni ne, taurin kan tsufa."

Haka kuwa na gaya masa.