Ta'aziyyar Dakta Nevenka Zanki, Mai Durowar Marasa Dangi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Nazarin Halittun Teku ta garin Komiža, a madadin Shugabanta da 'yan kwamitinta da ɗaukacin mambobinta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwa kuma malamarmu, Dakta Nevenka Zanki, tsohuwar Editar kundin ƙungiya, wadda Allah Ya yi wa cikawa tana da shekara tamanin da ɗaya a duniya.

Marigayiya ta shafe shekara arba'in da bakwai tana tantance dodon koɗin teku, tana sanya kowane iri cikin danginsa, kuma babu masuncin garin nan da bai taɓa kai mata abin da ya maƙale a ragarsa cikin gwangwanin kifi ba. A shekarun yaƙi, da sinadarin adana su ya yanke, barasar inabin da yayanta yake dafawa a gida ta riƙa zuba musu don kada namansu ya lalace, shi kuwa har ya koma ga Allah bai daina mita ba. Waɗanda ta kasa gano danginsu tana ajiye su a durowa ta ƙasa, wadda ta manna wa takarda da rubutun hannunta: "Ba a sani ba tukuna."

Wajibi ne ƙungiya ta faɗi gaskiya game da wannan durowa, ko da za ta ji kunya. Akwai wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, bai kai ƙwayar wake ba, wanda ya riƙe kundinmu shekara shida ba a buga ba, saboda kwamiti ya dage a haɗa shi da wasu da ɓawonsu ya yi kama da nasa, ita kuma ta ƙi sa hannu. Ni mai wannan sanarwa na fi kowa ɗaga murya a zaman, kuma ban manta amsar da ta ba ni ba: "Vicko, in da kamanni ake bi, ai da tuni an haɗa ka dangi da bunsurun maƙwabcinku saboda gemun nan." Aka yi dariya, sannan aka ɗaga hannu aka cire ta daga kujerar Edita, muka buga kundin yadda muke so. Ba ta yi fushi ta bar mu ba. Duk Talata tana zuwa da biskit ɗinta, ta zauna a gaban durowarta, shekara ashirin da biyu.

A bara ta amince aka aika naman wannan halitta ɗakin bincike don gwajin ƙwayoyin gado, abin da bai yiwu ba sai don barasar yayanta. Sakamakon ya nuna ba shi da wata alaƙa da dangin da muka cusa shi ciki. Takardar sakamakon ta iso kwana huɗu bayan an binne marigayiya.

Saboda haka kwamiti ya yanke shawarar janye shafi na 114 na kundin, inda muka sa wannan dodon koɗi cikin dangin da ba nasa ba, da mayar da sunanta a bangon kundin a matsayin Edita. Muna godiya gare ta da ta ƙi biye mana, muna kuma godiya ga 'yarta, Uwargida Perina Zanki, da ta bar mana durowar. Muna roƙon Allah Ya ba marigayiya hutawa, Ya ba Uwargida Perina da jikoki da sauran dangi juriyar wannan babban rashi.

Saura iri arba'in da uku a cikin durowar, kuma takardar da ta manna tana nan, babu wanda zai cire ta.

Sa hannu:
Vicko Borčić
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Masu Nazarin Halittun Teku, Komiža