Ƙofar Ƙayar da Na Sa Aka Sare

Litinin, 4 ga Satumba, 1871

Yara goma sha ɗaya kacal a aji, sauran suna bakin shinge suna tsinkar bilakberi, 'ya'yan ƙayar nan baƙaƙe masu zaƙi. Waɗanda suka zo ɗin ma leɓensu baƙi ƙirin, amma kowa na rantse mini bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba.

A hanyar gida na tarar da Iya Keziya, tsohuwar ungozomar garinmu, a gefen gonar Mista Luskom, wajen reshen ƙayar bilakberin nan da ya lanƙwaso ya yi saiwa a ƙasa, ya zama kamar ƙofa. Tana zura jaririn Marta ta ƙarƙashinsa, wai maganin tarin shiƙa. Mata biyar na tsaye suna kallo. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Iya, da girmanki? A zamanin jirgin ƙasa kina wasa da ran 'ya'yan mutane?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, ke ma ta nan marigayiya uwarki ta zuro ki, ni na karɓe ki ta wancan gefen. Har fitsari kika yi mini."

Suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laraba, 6 ga Satumba

Na je na cika Mista Luskom da bayanin littafi har ya gaji, ya ɗauki lauje ya sare ƙofar. Na ce masa don lafiyar yara ne. Don dariyar nan ne. Wannan takarda kaɗai za ta ji.

Asabar, 16 ga Satumba

'Yata Heti tana tari. Mura ce.

Alhamis, 21 ga Satumba

Ba mura ba ce, tarin shiƙa ne. Idan tarin ya taso sai fuskarta ta yi ja, numfashi ya ɗauke, sannan ta ja shi da wata irin ƙara mai tayar da tsikar jiki. Ko madara ba ta zama a cikinta. Likita ya bar kwalbar magani ɗaya, ya ce sai haƙuri. Shekararta uku. Tun rasuwar ubanta ita ke nan gare ni.

Lahadi, 24 ga Satumba

Marta ba ta amsa gaisuwata ba a ƙofar coci. Jaririnta na hannunta, ya yi ɓul-ɓul. An ce bayan abin da na yi, Iya ta kai su wata ƙofar da ta sani a hayin rafi. Ban tambaya ba, ji na yi kawai.

Talata, 26 ga Satumba

Sau uku Heti ta shiɗe yau.

Na je gidan Iya, wai aron tukunya. Ni da ke da tukwane huɗu! Tana dafa bilakberi da sukari, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Ta dube ni, ta ci gaba da juyawa.

"Yaya 'yar tawa?"

Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, sai kuka. Ta ce, "Gobe kafin rana ta fito. Ki zo da burodi da man shanu. Kuma ki sa tsohuwar riga, ƙaya ba ta san malama ba."

Laraba, 27 ga Satumba

Mun je ƙofar hayin rafi. Da nisa, ga raɓa, ga tsohuwa da ciwon gwiwa. Da ba don ni ba, taku ɗari ne daga ƙofarta. Na durƙusa cikin ƙaya na miƙa mata Heti ta ƙarƙashin reshen, ta miƙo mini, har sau tara. Ta sa yarinyar ta gatsi burodin, sauran aka bar wa tsuntsu ya ci ya tafi da tarin. Ta ce sai mun yi haka safiya tara a jere. Duk abin da ta ce in faɗa na faɗa. Ni da nake koyar da yara cewa duniya ce ke zagaya rana.

A hanyar dawowa sai ga Mista Luskom da shanunsa. Ya dubi hannuwana duk karce, ya cire hula.

"Malama, akwai wata da za a sare ne? Laujen na nan."

Safar hannu na sa na shiga aji.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Yau ce safiya ta tara, ta ƙarshe. Kwana tara Iya ba ta goranta mini ko sau ɗaya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na fara, "Iya, batun ƙofar nan da…" Ta ce, "Riƙe kan yarinyar da kyau, kar ƙaya ta kama gashinta."

Kunya na ci na har yanzu, ban ma san wacce ta fi ba, ta sarewar ko ta zuwan.

Laraba, 11 ga Oktoba

Heti ta cinye kwanon fate tas, ta nemi ƙari. Tari biyu kawai tun safe. Likita ya ce kwalbarsa ce ta yi aiki. Ita ce mana.

Yau ce ranar da ake cewa Shaiɗan na tofa wa bilakberi yawu, daga nan ba a ƙara ci. Shirme. Na dai hana Heti tsinka, amma don sanyi ya lalata su ne.

Na biyo ta gonar Luskom. Kusa da kututturen da aka sare akwai wani dogon reshe yana lilo a kan hanya. Na lanƙwaso shi, na tura kansa cikin ƙasa, na danne da dutse. Don kada ya riƙa kama rigunan mutane.

Iya ta ce in aka bar shi haka, kafin sanyi ya wuce zai yi saiwa.