Ni Na Kayar da Ita a Babur, Ita Ake Zagi

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana. Masu fara zagi tun ba su kai ƙarshe ba, ku dakata, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni. Shawara na zo nema.

Ni ɗan acaɓa ne a Jibiya, ina kai jarkokin mai tsallaken iyaka ta hanyar daji. Matata, bari in kira ta Rabi, 'yar wani ƙauye ce ta ɓangaren Maraɗi, kuma gida ɗaya muke da mahaifiyata, Inna. Cikinta na fari yana wata huɗu aka aiko mahaifiyarta ba lafiya. Inna ta ce mini, "Ka sa ta a mota ta bi titi. In ka ɗora ta kan babur ɗin nan ban yafe ba." Na ce to. Da muka fito sai na ga ai ni ma can na nufa da kaya, hanyar kuma ko ido rufe na san ta. Na ɗaure jarka huɗu na ce ta hau. Ta ce, "Inna fa ta hana." Na ce, "Inna ke aurenki ko ni?" Ta hau.

A wani busasshen rafi tayar gaba ta nutse cikin yashi, nauyin jarkokin ya ja mu muka kife, ɗaya ta danne mata ƙugu. Kun san abin da na fara dubawa? Jarkar, ko ta fashe. Wallahi jarka na fara dubawa. Ita ta tashi da kanta tana kakkaɓe zane tana cewa ba komai. Nan take na sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, da na koma gida kuma na ce wa Inna a mota na sa ta.

Rabi ta kwana biyu a gidansu ta dawo. Washegari jini ya fara zubo mata tun safe, ni ina hanya, ita kuma kunyar cikin fari ta hana ta buɗe baki ga surukarta, sai bayan azahar wata maƙwabciya ta lura. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaya, "Ta faɗi ne? Ko ta ɗaga abu mai nauyi?" Inna na tsaye, ni ma na iso ke nan. Kafin Rabi ta motsa leɓe na ce a'a. Cikin ya zube. Ma'aikaciyar ta ce sun ga zazzaɓin cizon sauro a jininta, shi kaɗai yana iya zubar da ciki, sau da yawa ma ciki kan fita ba laifin kowa. Ta ce a bar ta ta huta, a lallashe ta, ɓari ma rashi ne kamar kowane rashi.

Lallashi? Yayata Hajo ta taso daga Farfaru, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya ƙofar ɗaki. "Ciki ya tsallaka iyaka lafiya lau, ya dawo ya zube? Ke, mi uwarki ta jiƙa maki? In ba ki son haihuwa da mu sai ki faɗa!" Inna ta ce dama ta ga take-takenta. Kafin sati maganar ta zagaye unguwa, wai matata ta je gidansu ta sha magani. Mata sun daina shigo mata sannu. Ni kuma ina tsakar gida ina goge babur kamar ba da ni ake ba. Wane irin namiji ne wannan?

Wata biyu ke nan. Rabi ta rame, ba ta cin abinci sai na tsare ta, in ta ji kukan jariri a maƙwabta sai ta shige ɗaki. Ni ma ko a salla sai in rasa raka'a ta nawa nake, ina ta juya abin: faɗuwar ce ko zazzaɓin? In faɗuwar ce, me ya sa sai bayan kwana uku? Da na gaya wa ma'aikaciyar gaskiya, da akwai abin da za su yi? Kisa na yi? Akwai kaffara a kaina? Na je wajen wani malami na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya kalle ni ya ce, "Ka ce wa abokin naka, sanadin ɓarin Allah ne ya sani. Amma ƙazafin da ake yi wa matarsa yana ji yana shiru, wannan ba sai an tambayi malami ba."

Shekaranjiya na kawo mata tsire. Ta ture ledar da ƙafa. Ta buɗe akwatinta ta fito da wata 'yar hular jariri da ta saƙa a ɓoye, ban taɓa sanin tana da ita ba, ta jefa mini a ƙirji. Ta ce, "Kai ka san abin da na sha a Nijar. Yashi na sha. Na riƙe maka rantsuwa, kai me ka riƙe mini? Ana zagin uwata a gabanka kana goge babur." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Kar ka ƙara ce mini haƙuri. Ranar Juma'a yayana zai zo. Ko ka faɗa wa Inna da bakinka a gaban Hajo, ko in bi shi, kuma ko gawata ba za ta dawo gidan nan ba."

In na faɗa, Inna ta riga ta ce ba ta yafe ba, ga ƙarya na ɗora a kai, kuma cikin da ya zube jikanta na fari ne. Ina tsoron bakin uwa fiye da komai a duniya. In na yi shiru, Rabi za ta tafi da sunan wadda ta zubar da cikinta, sunan kuma zai bi ta har ƙauyensu. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Inna, sai in gaishe ta in juyo.

Yau Laraba. Hular tana aljihuna. Jama'a, me zan yi?