Zaren Mahaifiyarki a Haridwar

'Yata Bimla,

Ina gaishe ki da yara. Yaya tarin mijinki? Da ƙafata na hau dutsen da haikalin allahiyarmu Uwa Mansa yake, a nan Haridwar. Gwiwata ta ɗan yi ƙorafi, ban kula ta ba.

Shekara arba'in ke nan da marigayiya mahaifiyarki ta ɗaura zare a bishiyar haikalin, tana roƙon haihuwa, da alkawarin za ta dawo ta kwance in ta samu. Muka same ki, ba mu dawo mun kwance ba. Mai kula da wurin ya ce, "Baba, zaruruwa dubu ne, kwance kowanne mana!" Na ce, "Ni na ɗaga ta ta ɗaura, na san reshen." Ya yi dariya, ya kawo tsani. Na kwance zaren, na sauke wa mahaifiyarki alkawarinta.

Wani mai shayi ne ya rubuta mini wasiƙar nan. Uwa Mansa ta tsare ku.

Mahaifinki,
Dhaniram