Rumfar Tasu Ce, Alhaji Zikrullahi Namu Ne

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Zauren Tsofaffin Alƙalai da Lauyoyi na Minna yake sanar da al'ummar Jihar Neja cewa ya samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa shi, Mai Shari'a Alhaji Zikrullahi Jiya, tsohon Babban Majistare, wanda Allah Ya yi wa cikawa a gidansa da ke Tudun Wada bayan gajeriyar jinya, aka kuma yi jana'izarsa kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga masu tambayar abin da ya sa sai yanzu aka ji muryarmu, Zauren yana tunatar da su cewa ƙa'idarsa ta hana fitar da kowace sanarwa sai mafi yawan membobi sun hallara an karanta ta layi-layi, kuma marigayin ne da kansa ya rubuta mana wannan ƙa'ida. Kafin a tattaro dattawan da wasu ke Bida, wasu ke fama da gwiwa, wata gidauniyar gyaran dokoki da aka kafa shekaran jiya, wadda marigayin ya amince ya zama mai ba ta shawara saboda bai iya cewa a'a ba, ta riga ta kafa rumfa a ƙofar gidansa da sunanta ɓaro-ɓaro, ta kuma shiga rediyo tana kiransa uban tafiyarta. Mu da muka yi shekara ashirin muna cin ƙuli-ƙulin Bida daga aljihun babbar rigarsa, sai ga mu zaune kan kujerun roba masu tambarin wasu, yaransu suna miƙo mana ruwa suna yi mana sannu da zuwa. Zauren ba zai ɓoye ba: abin ya yi mana ciwo, kuma kishi muke yi.

Mai Shari'a Alhaji Zikrullahi ya fara aiki a matsayin magatakardan kotu a Wushishi, ya yi karatun lauya da girmansa, ya hau kujerar majistare, ya kuma sauka ba tare da an taɓa jin sunansa cikin wata maganar cin hanci ba. A nan Wushishi ne aka gurfanar da wani manomi mai suna Ishaya a gabansa kan rikicin iyakar gonar shinkafa, ya ba da belinsa bisa sharaɗin da kowa ya saba yankewa, wato a kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili a Minna ya tsaya masa. Damina biyu ta wuce kafin marigayin ya kai ziyara gidan yari ya tarar da Ishaya yana nan, domin duk danginsa babu wanda ya taɓa shiga ofis sai dai ya kai ƙara. Daga ranar marigayin bai daina faɗa ba cewa belin da talaka ba zai iya cikawa ba ɗauri ne aka sauya wa suna.

Da ya yi ritaya, wannan magana ya kawo mana. Kowace Asabar a ɗan ofishinmu na Bosso, ƙarar Keke Napep tana hana mu jin juna, muka yi ta jayayya da shi har muka kammala daftarin gyaran dokoki mai ɗauke da sashen da muke kira sashen beli, wanda ya nemi a yarda mai unguwa, ko sarkin kasuwa, ko limami, ko fasto, ya tsaya wa wanda ake tuhuma da ƙaramin laifi. Wasunmu sun yi fushi sun fita, sun dawo. Babu ko mutum ɗaya daga cikin masu rumfar nan da ya sha zafin ɗakin, amma yau hotonsu ne a jarida kusa da daftarin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Nan ba da jimawa ba za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran dokokin shari'a na jiha, inda aka keɓe wa marigayin kujera domin ya gabatar da shawarwari, kuma gidauniyar ta nemi a ba ta wannan kujera. Zauren ya duba kwafin daftarin da ta buga mai sheƙi, ya tarar an cire sashen beli, wai maganar mai unguwa ba ta dace da zamani ba. Da masu rumfar sun shiga cikin gidan marigayin maimakon tsayawa gaisawa da manyan baƙi, da sun ga Larai, matar Ishaya, wadda ta taso daga Wushishi da 'yar shinkafarta ta ta'aziyya, ta durƙusa gaban uwargidan marigayin, Hajiya Kubura, tana tambaya ko maganar Baba Alƙali ta bi shi kabari, domin ɗanta Victor yana tsare yanzu haka, an ba da belinsa, babu mai tsaya masa.

Saboda haka Zauren ya zauna, adadi ya cika, ya kuma yanke shawarar da ba ta yi wa kowannenmu daɗi ba. Mun bar wa gidauniyar kujerar. Mun bar mata rediyo da jarida, ta kira shi ubanta in ta ga dama. Sharaɗinmu ɗaya ne, kuma bai kai nauyin wanda aka ɗora wa Ishaya ba: a mayar da sashen beli yadda marigayin ya bar shi, a karanta shi a bainar jama'a.

Zauren yana miƙa ta'aziyyarsa ga Hajiya Kubura Jiya, da 'yarsa Barista Karima Jiya da sauran 'ya'ya da jikoki, da dangi na Bida da maƙwabta na Tudun Wada, yana roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Bayan addu'ar bakwai za a naɗe rumfa a kwashe kujeru. Ranar zaman, za a same mu a bencin baya tare da Larai. Idan aka kai ƙarshen karatu ba mu ji sashen beli ba, za mu miƙe tsaye, duk da gwiwoyinmu.

Alhaji Abdulwasiu Maiwada
Kakakin Zauren Tsofaffin Alƙalai da Lauyoyi na Minna