Lambarka Ta Rabu, Baban Godiya

Baban Godiya,

Gaisuwa da fatan kana cikin hutun Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma sakamakon da ka yi watanni kana jira ya fito, kuma ban san wa zan gaya wa ba.

Kwamfutarka ta falo ta gama gwada doguwar lambar nan da kake son sanin ko tana rabuwa. Ba wanda ya kashe ta tun ranar da aka kai ka asibiti, sola ce ke riƙe da ita. Na ga rubutu ya canza a fuskarta, sai na kira Malam Sani, abokin aikinka mai koyar da lissafi. Ya duba. Sannan ya gaya mini ba ta cikin waɗanda kake nema. Tana rabuwa. Wai injin ya tabbatar da haka, amma bai san da wace lamba take rabuwa ba. Na yi masa godiya, na koma na ƙarasa wanke-wanke. Ban ji komai ba. Haka nake yanzu, ko a coci bakina kawai ke bin waƙa.

Ka tuna yadda ka koya mini da gyaɗa a faranti? Bakwai ba ta rabuwa daidai, sai dai mutum ɗaya ya kwashe ko bakwai su ɗauki ɗai-ɗai. Sha ɗaya da sha uku ma haka, ka ce tagwaye ne. Naka kuwa dangi daban ne: a yi ta ninka biyu, a cire ɗaya, kamar talatin da ɗaya. Ka ce wadda kake gwadawa ko an cika littattafan makarantarku ba a gama rubuta ta ba. Ban taɓa faɗa maka ba, tun ranar farko na gane. Ina cewa ka sake ne don in ga yadda kake mantawa da tuwonka har ya huce.

Godiya ta shiga aji biyu. Ba ta tambayarka, takalminka kawai take gogewa ranar Lahadi. Mama ta koma ƙauye. Mu ma za mu bar Unguwar Dosa, yayana ya ba mu ɗaki a Katabu, kuma babu wurin sola a can.

Injin bai san ka tafi ba. Da kansa ya karɓo wata sabuwar lamba ta intanet da sunanka, ya fara aiki. Malam Sani ya ce in aka kashe shi ya daɗe, za a miƙa ta ga wani a wata ƙasa. Idan ita ce wadda kake nema fa? Wa zai san a falonmu aka fara ta?

Motar kaya za ta zo ranar Asabar. Na ce kada kowa ya taɓa kwamfutar, ni zan zare wayar da hannuna.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Rifkatu